Babi na Shida: Sabuwar Kujera a Tsohuwar Mota

Daga cikin tambayoyin da masu tsofaffin motoci suka fi yawaita yi wa makanikai, suke kuma yi wa junansu in an zauna hira a bakin tasha, akwai wannan: "Shin in na sami kujerar wata mota ta zamani, mai laushi, mai matashin kai, me zai hana in kwance ta Fijona da ta lotsa, in ɗaura wannan a madadinta?" A zahiri tambayar ba ta bukatar dogon bahasi, domin mai yin ta yana ganin kujera ai kujera ce, noti huɗu ne ke riƙe da ita, wanda ya iya kwance huɗu kuwa ba zai kasa ɗaure huɗu ba. Amma wanda ya taɓa ɗaga shimfiɗar ƙasan mota ya dubi abin da ke ƙarƙashinta, ya kuma san irin nauyin da notukan nan ke ɗauka a ranar da ba a fatan zuwanta, ba zai yi gaggawar cewa i ko a'a ba, sai ya gindaya sharuɗɗa tukuna. Waɗannan sharuɗɗa su za mu bi a wannan babi.

Mafarin bukatar

Mu ƙaddara wani magidanci ne a Liba, cikin ƙaramar hukumar Maiyama, ya gaji Fijo 504 daga mahaifinsa, ko kuwa ya saye ta da kuɗin amfanin gona tun shekarun baya, yana hawanta zuwa kasuwar Jega, wadda sunanta ya kai nesa tun ƙarni na 19, in lokacin albasa ya yi kuma ya leƙa Aliero. Motar tana da rai, injinta na tashi da bugu ɗaya, bakanikensa ya san ta ciki da bai. Abin da ya gaji shi ne wurin zama: soso ya marmashe, sifirin ya huda leda yana yagar riga, jingina ta karkace gefe guda har direba ya saba tuƙi a gicciye bai sani ba, in ya sauka kuma sai ya dafe ƙugu.

Ba abin mamaki ba ne kujera ta riga inji mutuwa. An fara ƙera Fijo 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969, sa'an nan masana'antar Fijo ta Kakuri a Kaduna, wadda ta soma aiki a 1975, ta yi ta harhaɗa ta har zuwa tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransawa da kansu sun daɗe da barin ta. Ke nan mafi ƙuruciyar waɗanda ke bisa hanya yau ta doshi shekara ashirin, da yawa kuma sun haura arba'in. Inji ana yi masa juye, ana sāke masa ringi, ana lura da shi domin in ya tsaya tafiya ta tsaya; kujera kuwa ba mai waiwayarta sai ta fara cizo. Yayarta 404, wadda ta fito a 1960, da ƙanwarta 505 ta 1979, da Marsandi ta da, da Landiroba, duk hukuncinsu ɗaya ne a wannan mas'ala.

A ɗaya gefen kuma kasuwa ta cika da kujerun motocin da aka yanka a Turai da Amurka, ana jibge su a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna da Ladipo ta Ikko, daga can su gangaro Sakkwato da Birnin Kebbi da Jega. Mutum ya zauna a kan ɗaya a bakin rumfa, ya ji ta rungume masa baya, ya tuna tasa ta gida, lalle zuciyarsa za ta raya masa musanya. Ni ban ga laifinsa ba ko kaɗan, domin neman sauƙi ga jiki ba almubazzaranci ba ne, balle ga wanda ke kwasar hanyar Jega zuwa Koko da Yawuri, ko mai ciwon baya da shekaru suka fara hawa.

Aikin kujera na ɓoye

Kujerar mota aiki biyu gare ta, ɗaya na zahiri ɗaya na baɗini. Na zahiri shi ne hutar da jiki, shi kowa ke gani, shi kuma ake ciniki a kansa. Na baɗini shi ne ta riƙe mutum a wurinsa sa'ad da mota ta tsaya ba shiri, ko ta yi karo, ko ta wuntsila. Wannan aiki kuwa mai yiwuwa ne mota ta ƙare rayuwarta ba a bukace shi ba, amma in aka bukace shi sau ɗaya, a cikin ƙiftawar ido ake bukatarsa, ba kuwa a ba da damar gyara.

Mahayan dawaki sun riga masu mota fahimtar wannan. Sirdi kome adonsa, kome taushin shimfiɗarsa, in majayinsa ya ruɓe, ko aka ɗora shi a kan dokin da ba girmansa ba, to ranar da doki ya yi turjiya a tsakiyar sukuwa da sirdin da mahayin tare za su tafi. Shi ya sa gwanin hawa ba ya fara duban ado, sai ya sa hannu ya ja majayi. Majayin kujerar mota shi ne notukan nan huɗu, da ƙarafan da take zamewa a kansu, waɗanda makanikai ke kira reli, da kuma ƙarfen ƙasan motar, wanda za mu riƙa kira daɓe.

Domin mai karatu ya san girman abin da ake magana a kai, ga ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a, gudun da kowa zai ce ai tafiyar cikin gari ce, in ta daki abin da ba ya motsi, bugun da na ciki zai sha daidai yake da na wanda ya faɗo daga tsawon kusan mita 10. A irin wannan tsayawa nauyin kowane abu da ke cikin mota yana iya ninkuwa sau ashirin ko fiye, har mutum mai kilo 70 ya koma yana fizgar abin da ke riƙe da shi da ƙarfin kilo 1,400, watau nauyin buhu goma sha huɗu na masu kilo ɗari. Saboda haka ne ƙa'idojin ƙera motoci na Amurka da na Turai suka wajabta cewa kujera da maɗaurinta su jure ƙarfin da ya kai ninki ashirin na nauyin kujerar kanta, gaba da baya. A nan akwai nukuta da ya kamata a riƙe: gwargwadon nauyin kujera, gwargwadon azabar da daɓe zai sha. Kujerar zamani mai lantarki, wadda aka cusa wa ƙananan injuna na ɗagawa da saukewa, in ta kai kilo 30, to ita kaɗai, ba kowa a kanta, tana neman daɓen da zai riƙe kilo 600. Alhali daɓen tsohuwar mota an auna shi ne da kujerar da ba ta kai wannan nauyi ba, tun kuwa yana sabo.

Awo kafin ciniki

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi kujera tukuna, sa'an nan a zo ana neman yadda za ta shiga. Daga nan ake fara sara da bugu da lanƙwasa, domin an riga an biya kuɗi, mai kaya kuma ba ya karɓar abin da ya bar rumfarsa. Hanyar da ta fi ita ce mutum ya je kasuwa da motar, ko aƙalla da igiyar awo da takardar da ya rubuta awon tsohuwar kujerarsa.

Faɗi shi ne farkon abin dubawa. Fijo 504 da ire-irenta da ƙafafun baya suke ja, don haka akwai farfela da ta ratsa ƙarƙashinsu, daɓen kuma ya yi tozo a tsakiya domin ya ba ta hanya. Yawancin ƙananan motocin yanzu da ƙafafun gaba suke ja, tozonsu ƙarami ne, kujerunsu kuma an yi musu kafaɗu da gefuna masu kauri. In aka kawo irin wannan, sai ka ga gefe ɗaya ya tokare tozo, ɗayan ya hana ƙofa rufuwa, ko kuwa hannu ba ya shiga tsakanin kujera da ƙofa balle a kai ga abin kwantar da jingina. Mai walda da ya rasa dabara sai ya gusa kujerar wajen ƙofa da ɗan yatsa biyu ko uku, direba ya koma yana zaune ba daidai da sitiyari ba, ƙafarsa na neman birki a karkace. Wanda ya tsere wa ciwon baya ya sāke faɗawa cikinsa ta wata ƙofa, ya kuma ƙara da jinkirin taka birki.

Sai tsawo, wanda a ganina ya fi faɗi wuyar sha'ani, domin ba a gane illarsa sai an zauna. Kujerun zamani suna da tudu, saboda abin da aka tara a ƙarƙashinsu, in kuma aka ƙara ƙarfen da zai haɗa su da tsohon daɓe sai su ƙara tashi. Sakamakon haka cinya ta matse a ƙarƙashin sitiyari, wanda a tsofaffin motoci babba ne kuma ba ya ɗagawa, ido ya koma yana kallon saman gilashi maimakon tsakiyarsa, kai kuma ya kusanci rufi. Turawan da suka zana kujerar ba su yi lissafin dogon mutum mai zanna bukar ba, balle mai rawani. Mu kuwa wajibi ne mu yi, domin ba hula kaɗai ke cikin hatsari ba in mota ta faɗa rami da gudu, ƙashin wuya ne ke karɓar bugun. Haka nan a lura da hannayen gyara zama da ke leƙowa a gefe, kada su zama maƙalin babbar riga duk sa'ad da za a fita.

Akwai kuma hagu da dama. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, tun daga nan sitiyarin motocinmu ya koma hagu. Kujerar direba da aka ciro daga motar Ingila ko ta Japan ta hannun dama ce, duk abubuwan gyara tsawo a jikinta suke, ba za ta zauna a mazaunin direbanmu ba sai an juya mata al'amari. Alamar da ba ta ɓata ita ce makullin bel yana wajen tsakiyar mota, hannun kwantar da jingina kuwa galibi yana wajen ƙofa. Wanda ya mallaki 404 ta kafin wancan canji, mai sitiyari a dama, shi hukuncinsa akasin wannan ne.

Noti huɗu

In awo ya yi, to an iso ga asalin mas'alar, wadda duk sauran rassa ne a kanta. Da wuya ramukan sabuwar kujera su dace da na tsohon daɓe, domin kowane kamfani da tazararsa. Ramukan asali kuwa ba a ko'ina aka huda su ba. A ƙarƙashin kowannensu akwai ƙarfe mai kauri da aka ninka, ko wata gada da ta ratsa daɓen daga gefe zuwa tozo, da noti da aka like tun daga masana'anta. Tazarar ɗan yatsa uku daga wurin, daɓen falle ɗaya ne, kaurinsa bai wuce na murfin tukunya ba sosai, bai fi milimita ɗaya ba a yawancin motoci. Wanda ya huda sabon rami a irin wannan wuri ya zura noti ya ɗaure, zai girgiza kujera ya ji ta tsaya kyam, ya ce aiki ya yi. Amma ranar karo kan notin zai yage daɓen ya fice, kujera ta tashi da mai ita.

Kafin a kai ga huda ma, sai a tambayi lafiyar daɓen kansa. Motar da ta shekara talatin tana ɗaukar albasa da ɗanyen kifi da buhunan taki, robar ƙofofinta ta bushe ruwan damina yana shiga, tana kuma ratsa laka a hanyoyin fadama, sau da yawa ledar da aka shimfiɗa a ƙasa ita ce ke rufa mata asiri. A ɗaga shimfiɗar duka, a sa sukundireba a caccaki kewayen kowane rami, a shiga ƙarƙashi a duba ta can. In ƙarfe yana ɓarewa falle-falle, ko ya lotsa da matsin hannu, to maganar kujera ta dakata, aikin mai gyaran bodi ne ya fara: a yanke ruɓaɓɓen wuri, a sa sabon ƙarfe, a yi masa fenti ciki da waje.

Ingantacciyar hanya ita ce a bar ramukan asali a matsayinsu, a ƙera wani firam na ƙarfe da zai shiga tsakani, ƙasansa ya dace da ramukan mota, samansa ya dace da relin sabuwar kujera. Wani lokaci ma ana dacewa a ɗora sabuwar kujera a kan tsohon reli, in yana da lafiya, wannan kuwa ya fi kome sauƙi. In tilas ta sa sai an huda sabon rami, to a sa faffaɗan ƙarfe a ƙarƙashin daɓe ya tallafi notin, domin ƙarfin fizga ya bazu a wuri mai faɗi. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, wadda ta fi kowa ganin yadda kujeru ke tsinkewa, ta shar'anta wa masu tsere maɗauri huɗu ga kowace kujera, da noti mai kaurin milimita 8 ko fiye, da ƙarfen tallafi mai faɗin murabba'in santimita 40, kaurinsa kuma kada ya gaza milimita 3. Wannan ba abu ne da ya fi ƙarfin mai walda na Jega ko Maiyama ba. Ɗan ƙarfe ne da bai kai tafin hannu ba, sai dai a san a nema, a kuma goge kusurwoyinsa kada su zama wuƙa ga daɓen.

Notin kansa yana da daraja hawa-hawa, an kuma rubuta darajar a kansa. Wanda aka buga wa 8.8 ko 10.9 shi ne na wannan aiki. Wanda kansa ba rubutu, irin na haɗa gado ko ƙofar shago, ba shi da gurbi a nan kome kyallinsa. Na sha ganin kujerar da aka ɗaga da guntun katako domin ta daidaita, da wadda aka tara wa washa bakwai a noti ɗaya, da wadda aka like relinta da daɓe da ɗigon walda huɗu aka ce ai ta fi noti ƙarfi. Katako yana ruɓewa ya bar noti yana rawa. Tarin washa yana mai da noti dogon sanda mai saurin lanƙwasa. Walda a kan siririn daɓe mai tsatsa kuwa ƙona shi take yi, ta kuma hana a sāke ciro kujerar sai da sara. Dukkansu suna wucewa a ranar biyan kuɗi, shi ya sa suka yawaita.

Abu biyu suka rage a wannan fasali. Reli biyun nan dole su tafi kafaɗa da kafaɗa, ba ɗaya ya buɗe ko ya fi ɗaya tudu ba, domin kowannensu yana da haƙoran da ke kulle shi, in suka saɓa sai ɗaya ya kama ɗaya ya saki, kujera ta riƙa zamewa a lokacin taka birki mai tsanani. Na biyu, bututun man birki da na fetur a ƙarƙashin daɓe suke bi. Duk wanda zai huda ko zai kunna wutar walda, ya leƙa ƙasa tukuna, ya kuma cire kan batir.

Kujera da bel

Bel mai maɗauri uku, wanda ke ratsa kafaɗa da ƙugu, wani injiniyan kamfanin Volvo ne mai suna Nils Bohlin ya tsara shi, aka fara sa shi a motoci a 1959, kamfanin kuma ya bar wa sauran masu ƙera motoci su yi amfani da shi ba tare da biyan kome ba. A ƙasar nan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura shi daga farkon 2003. Abin da ya haɗa shi da babinmu shi ne, a yawancin tsofaffin motoci makullin bel a jikin daɓe ko tozo yake, ba ruwansa da kujera, amma a motocin zamani a jikin kujerar yake, yana tafiya da ita gaba da baya. Ma'anar wannan ita ce, in aka yi amfani da makullin sabuwar kujera, wani babban kaso na nauyin mutum a lokacin karo ta reli da notukan nan zai bi ya sauka a daɓe, ƙari a kan nauyin kujerar. Ƙa'idar Turai tana gwada maɗauran bel da ƙarfin da ya haura kilo 1,300 a sashen kafaɗa, da kwatankwacinsa a sashen ƙugu, a lokaci guda. Mai firam ɗin da aka haɗa da guntayen rodi sai ya auna aikinsa da wannan adadi.

Shawarata ita ce a bar bel ɗin mota da makullinsa na asali a inda masana'anta ta ɗaure su, in suna da lafiya, a cire na sabuwar kujera. Kada kuma a yi auren dole tsakanin harshen bel na wata mota da makullin wata. Yana yiwuwa ya shiga har a ji ƙarar kamawa, amma kamun na yaudara ne, fizga ɗaya ya saki. Bayan an ɗaura kujera a zauna a ja bel a gani: na ƙasa ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, ba a kan tumbi ba, na sama ya ratsa tsakiyar kafaɗa, ba gefen wuya ba, kada kuma gefen kujerar ya tokare shi ya hana shi manne wa jiki.

A nan ne kuma babbar fa'idar musanya take, wadda ta fi laushi nesa ba kusa ba, watau matashin kai. Amurka ta wajabta shi a sababbin motoci tun daga farkon 1969, domin in aka daki mota ta baya jiki yana yin gaba tare da kujera, kai kuwa ya yi baya, wuya ya karɓi abin da ya rage. Motar da kujerunta suka tsaya a kafaɗa, irin tsofaffin 404 da Landiroba, ta sami ƙaruwa ta haƙiƙa in aka sa mata kujera mai matashi, muddin an ɗaga shi ya kai daidai saman kai, yana kuma kusa da ƙeya. Mutanen yankin Jega da Maiyama ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan karaya, tun da Aliero, garin da ake kawo masu karaya daga nesa domin ɗori, maƙwabciyarsu ce. Sun kuma san akwai ƙashin da ake ɗorawa, akwai wanda ba a kai mai shi ko'ina.

Wayoyi masu ruwan ɗorawa

In ka kifa kujerar zamani za ka tarar da wayoyi a ƙarƙashinta. Waɗansu na injunan gyara zama ne, su ana iya ja musu wuta daga batir ta hanyar fis nasu na kansu, da waya mai kaurin da ya dace, a hannun mai gyaran waya da ya san aikinsa. Sai dai akwai kujerun da ba sa motsi sai sun ji umarni daga kwamfutar motarsu ta asali, waɗannan kuwa wahalarsu ta fi amfaninsu. Mai hannu, wadda ake ja da turawa, ita ce ta dace da tsohuwar mota.

Waɗanda ke da soket mai ruwan ɗorawa su ne abin tsoro. Tun daga 1994, sa'ad da Volvo ta fara sa jakar iska a gefen jinginar kujera, abin ya bazu ga sauran kamfanoni, kujeru da yawa kuma suna da wata na'ura a gindin makullin bel mai fizge shi ya ɗame a lokacin karo. Dukansu biyu da wani sinadari mai fashewa suke aiki, wuta kaɗan ke tayar da su. A tsohuwar mota ba za su taɓa amfani ba, domin ba ta da na'urorin da ke jin karo su ba da umarni, amma suna iya tashi in wani ya ɗosana musu wayar batir yana neman wadda ke motsa kujera, ko in zafin walda ya kai gare su. Kada a gwada su, kada a haɗa su da kome, a naɗe bakinsu a bar su, ko a sa wanda ya san sha'aninsu ya cire. Mai saye kuma kada ya ƙara ko kwabo domin an ce masa kujera mai jakar iska ce.

Fata ko yadi

Wannan ba ya bukatar tsawaitawa. Wanda ya taɓa barin mota a rana a kasuwar Jega cikin watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, ya dawo ya zauna a kan baƙar fata, ya riga ya sami fatawarsa. Yadi ya fi sanyi, amma yana shan ƙurar hunturu da zufa. Leda ta fi sauƙin gogewa ga mai ɗaukar kaya da yara. A shinshina kujerar kuma kafin a biya, domin wadda aka ciro daga motar da ambaliya ta ci tana ɓoye tsatsa a firam da ruɓa a soso.

Gyara ko musanya

Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa kawar da ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo amfani, ita ce kuwa ma'aunin da zan yi hukunci da shi. Kujerar 504 ba abin rainawa ba ce. Tana cikin abubuwan da aka yabi motar a kansu tun fitowarta, an kuma yi ta daidai da tsawon rufin, da girman sitiyarin, da ramukan daɓen. Galibi abin da ya mutu a jikinta soso ne da sifirin da riga, firam ɗin yana nan da ƙarfinsa. Mai gyaran kujerun mota, irin waɗanda ba a rasa su a kowane babban gareji daga Jega har Sakkwato, zai kwance ta, ya ɗaure sifirin, ya yanka sabon soso mai tauri, ya ƙara tudu daidai ƙugu in mai ita yana so, ya ɗinka mata riga, ta koma mazauninta da notukanta na asali ba a huda ko'ina ba. Ga mafi yawan masu tambayar da muka buɗe babi da ita, wannan ita ce amsa, ta kuma fi araha.

Musanya tana halatta, har ma ta zama abin so, a wurare uku: in firam ya karye ko jingina ta daina kullewa, in kujerar ba ta da matashin kai, ko kuwa in wata lalura ta jiki ta sa mutum ba ya iya zama a kan ta asali. A nan ma a fara neman ta 'yan gida ɗaya, kamar ta 505 ko ta wata 504 da ta fi ƙuruciya, kafin a tsallaka zuwa baƙuwa. Direban haya mai wagon, wanda ya saba ɗora mutum biyu a kujerar gaba, ya sani kujerar zamani mai gefuna mutum ɗaya aka yi wa, na biyun a kan birkin hannu zai zauna ba bel. Ita wannan al'ada kuwa da tsohuwar kujera da sabuwa duk ba ta da hujja.

Wanda ya yi musanya ya adana tsofaffin kujerunsa a inuwa, kada ya sayar wa 'yan gwangwan, domin tsohuwar mota da ta tsufa da kayanta na asali tana da daraja a wurin masu neman irinta, darajar kuma ƙaruwa take yi. In kuma ranar sayar da motar ta zo, ya gaya wa mai saye abin da aka yi a ƙarƙashin shimfiɗa, tun da ɓoye aibin haja haramun ne a ciniki, balle aibin da ya shafi rai.

Mun ambaci bel a nan gwargwadon abin da ya shafi kujera kawai, alhali da yawa daga motocin da muke magana a kansu sun fito ba su da shi a kujerun baya, waɗansu kuma nasu ya tsinke tun tuni an ƙulle shi da igiya domin a wuce shingen jami'an hanya. Yadda ake gane bel da ya mutu, da inda ya halatta a huda a ɗaura sabo, shi ne abin da babi na bakwai zai yi bayani.